Facin Balan-balan

Shekara ashirin mai faci yana ɗura wa tayoyi iska, ba a taɓa tambayarsa ko tana da nauyi ba sai yau, da autarsa ta taso daga makaranta ta zube jaka a rumfarsa.

"Baba, gobe ni zan nuna wa 'yan aji iska tana da nauyi. Malama ta ce wanda ya zo hannu rabbana sifili ne."

Balan-balan biyu malamar ta ba ta, iri ɗaya, babu na uku. A hura ɗaya a bar ɗaya, a rataye su a bakin rula nan da can, a ɗaga rular da zare a tsakiya. Mai iskar zai rinjaya.

"Ɗan wannan ne aikin? Kawo."

Ta ce da baki ake hurawa. Ya ce bakin me, ga inji? Kafin ta ƙara magana, ƙarfen bakin tiyo ya huda balan-balan ɗin a wuya.

Auta ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take yi, shi kuwa ya gwammace a ce kukan ta yi.

"Kwantar da hankalinki, huji ai sana'ata ce."

Ya yanko tsohon tub na taya, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya manna, ya jira ya kama. Wannan karon da baki ya hura, har kumatunsa suka yi tsami. Suna ratayawa gefen mai iskar ya faɗi ƙasa rim.

"Kin gani ko?"

"Baba, facin ne ya ja shi. Sace iskar ka gani."

Ya sace. Rular ba ta ko motsa ba.

Mai walda na rumfar gefe ya ɗage tabarau yana dariya. "Injiniya, tayar tirela ba ta gagare ka ba, sai abin wasan yara?"

Mai faci ya daɗe yana juya lafiyayyen balan-balan ɗin a hannu, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a aikinsa: ya manna faci inda babu huji, don nauyin ya zo ɗaya. Ya yi yawa, ya rage da almakashi. Ya yi kaɗan, ya ƙara. Wani mai babur ya gaji da jira ya tura abinsa gaba. Da rular ta daidaita ya sake hura ɗaya, sai kuma kowace mota ta wuce ta kaɗa musu kayan.

Suka shiga ɗakin ajiyar tayoyi suka ja ƙofa, zufa na tsiyaya. Rular ta yi lilo, ta yi lilo, ta tsaya. Gefen mai iskar ya sunkuya, bai fi kaurin farce ba.

"Shi ke nan? Duk wannan wahalar?"

"Ai ya rinjaya, Baba."

Ya share goshi da bayan hannu. "To, gobe ki ce su kashe fanka. Mai tari kuma ya fita waje."