Siririyar Hanyar Bayan Mustausaf

A shekarar 2003 Dakta Khaulat, 'yar Zariya, tana duba masu suga da hawan jini a wani ƙaramin mustausaf, wato asibitin sha-ka-tafi, a unguwar Awali ta Madina. Yawancin masu zuwa wurinta dattijan mata ne da suka daɗe a Madina, wasu daga Kano, wasu daga Cadi da Sudan.

A bayan mustausaf ɗin akwai siririyar hanya tsakanin katangun gonakin dabino, inuwa tun daga farkonta har bakin wata tsohuwar rijiya. Matan sukan bi ta bayan la'asar su dawo. Wata safiya Hajiya Ƙaltume, shugabar tafiyar, ta shigo rai a ɓace. Ta ce mai gonar da hanyar take cikin filinsa ya rasu, ɗansa Ammar zai toshe hanyar ya haɗe ta da gona.

Khaulat ta tura mijinta Abdulwahab ya nemi alfarmar wata shida. Ammar ya yarda, don dama sai an sauke dabino za a fara gini.

Khaulat ta ɗauki mata arba'in masu tafiyar, da wasu arba'in sa'o'insu da ba sa yi. Duk sati biyu tana auna jininsu da sugansu ta rubuta. Hajiya Ƙaltume ba ta karatu, sai ta ba kowace mace gwangwaninta a bakin rijiya, duk wadda ta iso ta jefa ƙwallon dabino ɗaya.

Da wata shida ya cika, sugan bai sauka yadda ta yi fata ba. Abdulwahab ya ce ta cire shafin sugan daga rahoton da za su kai wa Ammar, ta ƙi. Hawan jini kuwa ya sauka a mata ashirin da tara cikin masu tafiya, takwas kawai a ɗaya ɓangaren. Masu tafiyar ma ba sa tsallake magani, don a hanya suke tuhumar juna.

Ammar injiniya ne. Ya karɓi Khaulat da mijinta a gonar, ya karanta rahoton a tsanake, sannan ya tambaya ko dama can masu tafiyar sun fi lafiya. Ta buɗe masa awon ranar farko, ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke.

"Sugan fa, ya Daktora?"

"Bai sauka sosai ba. Yadda ya fito na rubuta shi."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce da ta kawo masa komai tas, da bai yarda da ko ɗaya ba.

Aka ja katangar baya, aka bar musu hanya mai faɗin mita biyu, da ƙofa da ake rufewa da magariba. Cikin wata guda mata goma sha ɗaya daga waɗanda ba sa tafiya suka shiga layi. Khaulat ta rasa da wa za ta riƙa kwatantawa, ta fara neman wasu a unguwar Ranuna.