Alhazan Kaka Iyatu

Kaka Iyatu da ƙafa ta zo Makka daga Haɗejiya tana yarinya, tafiyar shekara shida. Iyakar abin da muka sani ke nan. Mu jikokinta da aka haifa a unguwar Shisha ta Makka mun yi tambaya har mun gaji, ko sunan mahaifiyarta ba ta taɓa faɗa mana ba. Ga shi ta haura tamanin, ni kuwa tsoro nake ji kada ta tafi da labarin.

Ran nan bayan la'asar ina sauya tasha a talabijin na faɗa kan wani tsohon fim marar launi, muryoyin ciki sai ƙara suke kamar tsohuwar rediyo. Turawa ne da kekunan shanu masu rumfa, jere a fili, da mata da yara da tukwane.

"Tsaya nan, Ilham," in ji Kaka. "Alhazai ne."

"Ya sitti, kakata, Amurkawa ne fa, gona suke nema."

"Ke rufe min baki. Wa zai kwashi iyali da tukwane ya shiga daji in ba Makka za shi ba?"

Tsohuwar da sai an lallaɓa ta take tashi zaune, sai ga ta ta matso bakin kujera tana yi wa madugunsu faɗa. Wai wane sakarai ne ke yada zango a cikin kwari da damina. Da suka tsallake kogi, salati ta yi ta yi har keken ƙarshe ya fita.

Can wata mata ta mutu. Suka binne ta a gefen hanya, kekuna suka ci gaba, 'yarta ƙarama tana waige.

"Ba a tsayawa," Kaka ta ce a hankali. "Mu ma ba mu tsaya ba. Bayan Janaina ne, a ƙasar Sudan, ƙarƙashin wata aduwa. Hauwa sunanta."

Zuciyata ta karye. Ban yi motsi ba, don kada Kaka ta fasa maganar.

Fim ya ƙare a wani kwari mai itatuwa. Idon Kaka ba ya gani sosai, ta kama hannuna.

"Sun isa?"

"Sun isa, Kaka."

"Alhamdu lillahi. To, yarinyar nan ta yi wa uwarta ɗawafi kafin ta huta. Ni a ranar na yi wa tawa, ƙafafuna na jini."