Ginin Zanzaro a Babur ɗin Sabitu

Saura kwana biyu a ɗaga tutar 'yancin kai ƙanena Sabitu, akawun En'e, ya dawo daga kwas a Zariya, da littafi a hammata da wani tabarau da ba mu san shi da shi ba. Ni ce yayarsa, ni na goya shi, don haka ba mai hana ni faɗa. Yaron nan ya tafi da ɗan hankalinsa, ya dawo babu.

Ko kallon kirki bai yi wa matarsa Habibatu ba, ya wuce rumfa ya yaye tabarmar da muka rufe babur ɗinsa da ita. Irin ƙaramin nan ne mai tayoyi kamar faifai, wanda ƙato zai hau ya haɗe gwiwa. Wata biyar yana ajiye, damina duk a kansa ta ƙare. Wai an ce akawun En'e duk mai babur zai shiga gaban 'yan makaranta ranar biki, da tuta a hannu. Shi ke nan fa, Sabitu ya ga kansa a gaban Bauchi kaf.

Ya buga kik, shiru. Ya sake, ya sake, har tabarau ya zamo masa kan hanci. Abu ya yi ɗan tari ya mutu.

Habibatu na bakin murhu, na ga ta kafe babur ɗin da ido, kuma na san dalili. Ciki biyu ta yi a gidan nan, duka suka zube. Ga na uku ya kai wata biyar, mai tabarau bai gani ba. Ita kuwa Bafulatanar Miri ce, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ta gaya wa miji ba. Tun farkon cikin ta ga zanzaro na shiga yana fita a salansar babur, bututun nan da hayaƙi ke bi, da laka a baki. Tsofaffinmu suna cewa in ya yi gini a gidan mace haihuwa na tafe, kuma ba a fasa shi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, oho. Ni dai na san tun ranar yarinyar nan ta fara cin tuwo ta ƙoshi.

Washegari da safe malamin ya buɗe littafi yana karanta wa babur Turanci. Ya kwance fulogi ya goge da hankici. Ya tsiyaye tsohon fetur ya zuba sabo. Ya kafa baki a tiyo zai hura, fetur ya cika masa baki, ya yi ta tofi yana zagin kaji. Daga nan ya tattaro magidanta, masu gemu da iyali, suka yi ta tura babur daga Ƙofar Ran har Gwallaga, suka turo shi gida, yana zaune a kai yana ba da oda. Kaico!

Da la'asar ya haƙura ya aika aka kira Istifanus, bakaniken da ya koyi gyaran mota a soja. Bawan Allah bai ko dubi littafin ba. Ya tara tafin hannu a bakin salansa ya ce a buga kik. Aka buga sau biyu. Ya tsuguna ya leƙa.

"Akawu, injinka lafiya lau," in ji shi. "Numfashi ne ba ya fita. Zanzaro ya toshe maka da gini."

Sabitu ya ce a miƙo masa wayar ƙarfe ya sakace. Sai muka ji muryar Habibatu daga ƙofar ɗaki, can ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah a bar shi."

"A bar me?"

Ta sunkuyar da kai. Ni na tashi na faɗa masa tas, a gaban baƙo, tunda shi ya ja. Na ce matarka na da ciki wata biyar, ka san biyun da suka wuce, ginin nan shi ta riƙe a ranta. Na zaci zai ji wani abu. Sai kawai ya gyara tabarau.

"Haba Yaya! Gobe za mu karɓi ƙasa, ku kuna nan kuna bin ƙwaro?"

Istifanus ya miƙe yana goge hannu a wando. Shi ba ɗan gidanmu ba, ba addininmu ɗaya ba, amma ya fi ɗan'uwana kunne.

"Ai da sauƙi, Akawu. Noti biyu ne. In kwance salansar ɗungurungum in ba uwargida ta ajiye, ka hau abinka haka. Zai tashi. Ƙara ce kawai za ta yi yawa."

"In shiga gaban Razdan ina tatata kamar injin niƙa? A yi mini dariya?"

Wallahi abin da ya ce ke nan. An ba shi hanya a hannu, ya auna dariyar mutane da hankalin matarsa, ya ga dariya ta fi nauyi. Istifanus ya ce shi kam ba da hannunsa ba, ya tattara sifanunsa ya fita. Sabitu ya zura waya da kansa ya yi ta sakace. Laka ta zubo, da 'yan tsutsotsi farare. Bugu ɗaya babur ya tashi, hayaƙi ya cika tsakar gida, shi kuma yana washe baki yana duban mu wai mu yaba. Ban taɓa jin kunyar haɗa uwa da mutum ba sai ranar.

Habibatu ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa da ƙyar ta tsince ɓaraguzan lakar, ta ƙulle a gefen ɗankwali. Da gari ya waye, yana can yana ɗaga tuta, ta ɗauki ƙullin kayanta. Na raka ta a ƙasa har gidan iyayenta a Miri, muna tafiya muna hutawa a gindin itace.

Ya je biko sau uku a kan babur ɗin, ba ta fito ba. Da ta sauka lafiya, 'ya mace, ba wanda aka aiko masa. A bakin mai tallan nono ya ji, a ƙofar ofis, gaban sauran akawuna.