Bindigar Da Suruki Ya Zaɓa

A ƙofar masallacin garin Laurel, a jihar Maryland, muka ƙulla maganar ni da Ilu, bayan an idar da Juma'a, kowa na laluben takalminsa.

"Ga sharaɗi, Bakano," na ce masa. "Tsohuwar bindigata ta zama taka. Kai kuma ka je ka saka wa yaron nan magana a kunne. Ka ce masa bindiga mai lamba .308. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada kuma ya san daga bakina ta fito."

"Har da jakarta?"

"Har da jakar."

"Madubin saitin fa?"

"Kai, ku Kanawa ko likkafani za ku saya sai kun nemi gyara! Ɗauki har madubin."

"Allah ya ja zamanin Sarkin Baka," in ji shi, yana dariya. "Yau Bazazzage ya yi kyauta, bari in duba sama ko za a yi ruwa."

Muka tafa. Ilu mai haɗa sauti ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo, kuma ya daɗe yana zawarcin bindigar. Yaron da nake nufi kuwa Mustafa ne, mijin 'yata Aliyya, wanda ke aikin kwamfuta a garin Germantown. An ƙara masa girma a ofis, sai ya gaya wa matarsa yana so ya saya wa Baba sabuwar bindiga kafin a buɗe farautar barewa. Aliyya ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini. Shi ba zai iya tsayawa gabana ya ce Baba wace iri kake so ba. Ni kuma ina zan kai fuskata in ce wa surukina saya mini kaza? Shi ya sa aka nemi Ilu.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da nake so. Tsohuwar tawa .243 ce, harsashinta ɗan siriri, ba ta da shuri. Ta ciyar da ni shekaru. Sai bara wani ƙaton namijin barewa ya karɓi harsashin a kafaɗa ya ƙara gaba, na yini ina bin jini a cikin ƙaya kafin in same shi. Tun ranar na ce ina son harsashi mai ɗan nauyi, wanda zai karya ƙashi ya wuce, amma wanda mai harbin ma zai tashi lafiya. Kafaɗar da ta yi dako a Sabon Gari, ta juya sitiyarin tirela har Kwatano, yanzu kuma take jan kaya a sito, ba ta neman faɗa da kowa.

Kuma ba don wasa nake shiga daji ba. Kowace shekara barewa guda nake kawowa, ni da matata Uwa mu yanyana ta, mu yi kilishi a gareji, a raba wa jama'a daga Laurel har Gaithersburg. Wannan kilishin ne ya sa ake ce mini Sarkin Baka. In babu shi, Bashar mai aikin sito ne kawai.

Ranar da aka kira ni kantin bindigogi don a cika takardu da sunana, na sa babbar riga. Na tarar da Mustafa tsaye, ya cire hula, kansa a ƙasa. Mai kantin, wani jibgegen Bature mai suna Matthew, ya buɗe akwati yana murmushi kamar ya aurar da 'ya. Na duba jikin ƙarfen. An rubuta .338 magnum. Ya ajiye harsashi guda a kan tebur, kusan tsawon yatsana na tsakiya.

"Wannan ko manyan namun dajin Alaska ta gani sai sun durƙusa," in ji Matthew. "Surukinka yana ƙaunarka."

"Baba, ba yawa," Mustafa ya ce a hankali. "A yi haƙuri da ita."

Me zan ce? Na ɗaga hannu na sa masa albarka, na haɗa da iyayensa da zuriyarsa.

Muna fita na kira Ilu.

"Me ka gaya wa yaron nan?"

"Wallahi abin da ka ce na faɗa. Tare ma muka je kantin. Ya tambayi Baturen, ita .308 ɗin nan ita ce ta ƙarshe? Bature ya ce a'a, matsakaiciya ce, kowa na da ita. Sai na ga fuskar yaro ta canza. Ya ce wace ce samanta? Aka nuna masa .30-06. Ya ce samanta fa? Aka ɗauko .300. Haka ya yi ta hawa kamar mai zaɓen shaddar lefe. Ya ce shi ba zai kai wa surukinsa abin da kowa ke da shi ba."

"Kai kuma kana tsaye kamar turken awaki?"

"To in ce masa me? In ce Baba ya tsufa, a sayo masa ƙarama?"

Ranar Asabar na tafi filin gwaji ni kaɗai, don kada a sami shaida. Na zauna, na yi saiti, na ja kunama. Ban san lokacin da hulata ta bar kaina ba. Na taɓa shan shurin jaki ina yaro, to wannan jakin har da mugunta. Harbi na biyu madubin ya sare ni a gira. Kafin in gama kwalin harsashi guda, na lura da abin da ya fi ciwon tayar mini da hankali: tun kafin ta tashi nake runtse ido, kafaɗata na gudu da kanta. Maharbin da ya fara tsoron bindigarsa kuwa ya gama yawo.

Na koma gida na ce wa Uwa ta ɗora ruwan zafi.

"Ki gaya wa 'yarki ta gaya wa mijinta a mayar da abin nan a canzo."

Ta ajiye tawul ta dube ni. "Malam, kana so yaro ya kasa haɗa ido da kai har abada? Ya ɗauki hotonta ya aika wa mahaifinsa a Gusau. Dangi duk sun gani, ana ta sa albarka. Kyautar suruki ce za ka mayar kanti kamar takalmin da ya matse ka?"

"Ai gara takalmin, shi ba ya fasa gira."

"Ka ce ƙofar mota ce ta buge ka."

Na sake neman Ilu, na ce ya ara mini tsohuwar na kakar farauta guda. Ya ce ai an riga an juya takardu da sunansa, kuma Bakano ba ya amai ya lashe. Ya ƙara da cewa ko ya ba ni ma, Mustafa ya ɗauki hutu musamman don ya kai ni dajin da kansa, ya ga ranar da kyautarsa za ta yi aiki. Da wace fuska zan fito da tsohuwa a gabansa?

Haka muka kama hanyar duwatsun yammacin Maryland mu uku, inda aka yarda a yi harbi da irin waɗannan bindigogi. Na cusa ƙaramin matashin kujerar Uwa a cikin rigar sanyi, na ɗora rigar maharba mai ruwan lemo a kai. Ilu ya dube ni ya ce Bazazzage ya yi ƙiba ta gefe guda. Ya gangara ta wajen rafi da tsohuwar bindigata, mu kuma muka zauna a gindin wata bishiya, Mustafa na bayana, ya ƙi zama daidai da ni, yana riƙe da fulas ɗin shayi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga shi ya fito daga cikin itatuwa. Namiji ne, wuya kamar na bijimi, ƙaho ya yi rassa. Ya tsaya ya ba ni gefe, kusa ƙwarai, irin tsayuwar da ko da tsohuwar tawa sai dai a ce Allah ya karɓa. Na ɗora saiti a bayan kafaɗarsa. Na ce wa kaina, Bashar, buɗe idonka. Na yi bisimilla. Kafaɗar nan ta ce ba da ita ba.

Dutse ya amsa. Reshen wata bishiya da ke sama da barewar ya faɗo ƙasa. Shi kuwa gogan ya ɗaga farar wutsiyarsa ya gangara rafi a guje. Ban gama tattara kaina ba muka ji tas, 'yar ƙaramar muryar da na sani kamar muryar 'yata. Sai ihun Ilu: "Allahu Akbar! Bazazzage, kawo wuƙa!"

Mun same shi tsaye a kan naman yana haki. Harsashi ɗaya, a haƙarƙari.

"Ka ga aikin kora," in ji shi. "Sarkin Baka ya koro, talaka ya harbe. Na ba ka cinya guda, ladan kora."

Sauran kwanakin farautar na koma ni kaɗai, na ƙara ɓarar da dama biyu, kafaɗata ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Amma abin da ya ƙarasa ni a mota ya faru, a hanyarmu ta dawowa ran nan. Da muka kusa garin Frederick sai Mustafa ya yi gyaran murya.

"Baba, a gafarce ni. Laifina ne."

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, alhamdulillahi, yaro ya gane da kansa.

"Baturen ya nuna mini wata .375, ya ce ita ce babbarsu. Na yi ƙwauro na tsaya a wannan. In Allah ya kai mu baɗi, ita za a kawo."

Ilu ya shaƙe da shayi a kujerar baya. Ni kuwa na ce, "Allah ya yi albarka."

To ga yadda aka tashi. Matthew ya sayar da bindigar da ta daɗe tana shan ƙura, yana kuma jiran baɗi. Mustafa ya sami suna a Gusau, an ce ba a taɓa surukin kirki irinsa ba. Ilu ya sami bindiga da jaka da madubi da barewa, kuma da yake bai iya kilishi ba, a garejina aka yi, da hannuna, da yajin Uwa. Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci yana rabawa, ina ji da kunnena wani yaro ya ce masa Sarkin Baka, ya kuwa amsa. Ni na tashi da cinya guda da tabo a gira, ga kuma wata babbar tana tafe.