Akwatin Janairu

"Ba za a shigo mini da akwatin gawa gidan nan ba," in ji Yocasta, ta tare ƙofa da jikinta. "Kawu Evaristo, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ko romo cokali uku ba ya iya shanyewa."

"Ni na ce zan kawo?" in ji Evaristo kafinta. "Gaisuwa na zo."

Ina tsaye a bayansa da kwanon romon kaza, ƙafafuna na zogi. Wata biyu ke nan ina tsallaka layinmu na unguwar Villa Juana sau uku a rana, tun da asibiti suka sallamo Don Nicanor suka ce babu sauran abin yi. Yocasta ce 'yarsa tilo, kuma wuni take a wurin aiki, sai jinyar ta faɗo kaina, ni maƙwabciyar da ba ta da miji balle uzuri.

Maganar akwatin kuwa tsohuwa ce. Nicanor ɗan Licey ne, masu shuɗi. Evaristo ɗan Escogido ne, masu ja. Ƙungiyoyi biyu na besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, gari ɗaya, filin wasa ɗaya, amma tun zamanin kakanninmu ba sa ga maciji. Shekara arba'in da suka wuce, da aka fitar da Licey daga gasa, Evaristo ya ƙera ɗan akwatin gawa mai tsawon kamu biyu, ya shafe shi da shuɗi, ya kai ƙofar Nicanor yana kukan ƙarya. Da shekara ta zagayo Escogido ta faɗi, Nicanor ya mayar da shi ja ya rama. Tun daga nan, duk Janairu, wanda aka riga fitarwa shi ake kai wa makoki. A saman kabad ɗina akwatin yake shekara, wai don ni ba na bayan kowa. Gaskiya ne, duka biyun sun ishe ni.

To, jiya Lahadi aka fitar da Licey, kuma Nicanor ya ji komai a rediyon da ke gefen matashinsa.

Muka shiga. Evaristo ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Yaya jikin, mutumina? Jiya dai an yi rashin sa'a. Yaranku sun yi ƙoƙari."

Nicanor ya dube shi.

"Sun yi ƙoƙari," ya maimaita. "Shekara arba'in ban taɓa jin wannan a bakinka ba. Ina kayana?"

"Fenti ne ya ƙare."

"Kafinta, fenti ya ƙare." Ya lumshe ido. "Likita ya yi mini magana a hankali. Fada ya zo daga coci ya yi a hankali. Yanzu har da kai. Shi ke nan, na gane."

Ya juya ya fuskanci bango. Na kai masa cokali, bai buɗe baki ba. Ranar bai ci ba, washegari ma haka.

Ran Talata da hantsi raina ya ɓaci. Na taka kujera da wannan gwiwar tawa na sauko da akwatin. Ja ne tun na bara, ya yi nauyi, fenti kan fenti har murfin ya daina rufuwa. Na kai shi shagon Evaristo na dire a kan tebur.

"Ga shi. Shafa."

"Casilda, ba zan iya ba." Ya nuna wasu dogayen katakai da ke jingine da bango. "Yocasta ta riga ta yi mini maganar akwatin gasken. Na auna shi da ido ranar da na je gaisuwa. Da wace fuska zan kai masa wannan?"

"Da fuskar da ka saba. Wancan na ranarsa ne, ranar kuwa ba ta zo ba. Kun binne shi yana numfashi, kai da ladabinka."

Yocasta ta fi wuya. Da yamma na tare ta a kicin.

"Inna Casilda, mutane za su ce me?"

"Su faɗa. Ba ciwo ne ya hana babanki cin abinci ba, tausayinmu ne. Ke kina so ya tafi yana kallon bango?"

Ba ta ce e ba, amma ran Laraba da safe ta bar ƙofa a buɗe.

Evaristo ya tsallako layi da jar rigarsa, akwati a kafaɗa, shuɗin fentin ko bushewa bai gama ba. "Wayyo Licey, ka tafi ka bar mu. Wayyo ɗan saurayi, ko Fabrairu ba ka gani ba." Yana isa ƙofar ɗaki muryarsa ta karye, kukan ya zama na gaske. Ni ma sai da na kau da kai.

Nicanor ya juyo. Ya dubi akwatin, ya dubi Evaristo.

"Bana ka iya kukan," ya ce. "Da can kamar akuya kake yi."

"Rufa mana baki. Ko ƙwallo ɗaya mutanenka ba su iya dukawa."

"Ku da sai da aka tattaro ƙungiya uku aka haɗa ku, don kawai a samu mai tarar mu? Je ka tambayi kakanka."

"Kakana yana kabari yana muku dariya."

"Zan gaya masa ka gaishe shi."

Suka yi ta yi har Nicanor ya soma tari. Ya shanye rabin kwanon romo, ya nemi kofi. Ya sa aka ajiye akwatin a gefen gado, ya dafa shi da hannu.

"Casilda," ya ce, "jan fentina yana ƙarƙashin gado. Kada ki mayar da wannan sama tukuna. Jajayen nan ba za su kai ƙarshen wata ba."

Shi ne bai kai ba. Ran Juma'a da la'asar ya cika, Yocasta na riƙe da hannunsa. Da muka zo shirya shi, na goge shuɗin da ke yatsunsa da sabulu har na gaji, bai fita ba, Yocasta ta ce a bar shi. Evaristo ya kawo babban akwatin, ba fenti ko ɗigo.

Kwana biyu bayan an gama addu'ar kwana tara, aka fitar da Escogido. Da safe na leƙa ta taga, na ga Evaristo ya fito da kujera ƙofar shagonsa, ya zauna da jar rigarsa, yana kallon ƙofar Nicanor da ke rufe. Har hantsi bai ɗauki zarto ba.

Na gaji, Allah ya sani. Amma na je wajen Yocasta na karɓo akwatin da gwangwanin jan fentin. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar ɗaki, na ɓalle murfin da gindin cokali. Saman fentin ya yi ɓawo. Na huda shi, ƙasan yana nan da danshinsa.