Kan da Bai Motsa Ba

Shekarar da sojoji suka koma bariki, duk mai kwat ya samu abin da zai shugabanta. Dokta Haidar shi rabonsa kawunan mutane ne. Ya buɗe cibiya a Gyadi-Gyadi, ya ce zai tara hotunan ƙwaƙwalwar waɗanda zazzaɓin bairos ya taɓa wa kai, a ɗauke su duk salo ɗaya, don a iya gwada na Kano da na ko'ina. Wanda hotonsa ya shiga tsarin, likitocin ƙwaƙwalwa za su ci gaba da duba shi. Wanda bai shiga ba, Allah ya sawwaƙe.

Sharaɗin kuwa shi ne kai ya tsaya cak a cikin na'urar ɗaukar hoton.

Malam Ɗahiru, mai gyaran rediyo a Daurawa, tun da zazzaɓin ya sake shi kansa ke rawa, ko sukurudireba ba ya iya riƙewa. Matarsa Huraira ta yi ta jigilar kai shi. Duk zuwa, hoton dishi-dishi yake fitowa.

"Bai cika ƙa'ida ba," in ji Dokta, idonsa a kan allo. Mutum ne da ba ya kallon fuskar majiyyaci, lambar kati kawai ya sani.

"Likita, ai rawar kan ita ce ciwon," in ji Huraira.

"Hajiya, ki ce masa ya daina motsi."

Ka ji fa. Mutum ya je har ƙasar waje karatu, ya dawo yana cewa mara lafiya ya daina ciwo kafin a duba shi. Abin takaici ne.

Inuwa, ƙanin Ɗahiru, shi ya kawo dabara. Dama shi ke tsaya wa yayansa a layin mai, shi ke wakiltarsa wajen suna da gaisuwar mutuwa.

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kan ma ai kusan ɗaya ne," ya ce wa Huraira. "In hoto ya yi kyau su karɓi Yaya, daga nan sai su duba shi a tsanake."

Huraira ta dubi katin Ɗahiru. Ta gaji, kuma tana tsoro, sai ta miƙa masa katin.

Inuwa ya kwanta a na'ura kamar buhun gero. Hoto ya fito tas. Dokta ya ji daɗi har ya haska shi a taron bita a otal, manya na tafi suna shan lemo.

Da suka koma cibiyar, da fara'a Dokta ya tari Huraira.

"Albishirinki, Hajiya. Ƙwaƙwalwar mijinki lafiya ƙalau. Mun sallame shi, ba sai kun dawo ba."

Ta fito ta tarar da Ɗahiru a benci, hularsa ta faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta kaɗe masa ita. Ya daɗe yana kallonta.

"Na gode, baiwar Allah," ya ce. "Ko kin ga matata ta fito?"