Ranar da Aiki Ya Yi wa Hantar Yaya Yawa

Ina cikin fiɗar wani sa a mahauta da hantsi sai matar Yayana ta kira ni. Kullum da tsokana take fara magana, amma ran nan babu.

"Mai Wuƙa, zo. Yayanka ya ƙi tashi."

Na tarar da shi a kan doguwar kujera, baki buɗe, leɓɓansa sun yi baƙi. Yakan ja numfashi ɗaya, sai ka ƙosa kafin ya ja na biyu. Sati biyu ke nan da yi masa aikin ƙugu, aka sallamo shi da ƙwayoyin kashe ciwo masu ƙarfi. A bayan kujerar na ga kwalabe biyu na giya, babu komai ciki.

A asibiti likitar ta ɗaga fatar idonsa, ta ga ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura. Ta sa aka yi masa wata allura mai karya ƙarfin maganin. Wallahi ko minti uku ba a yi ba, mutumin da muka ɗauko kamar buhu ya buɗe ido yana faɗa.

"Wa ya cire min takalmi?"

Matarsa ta durƙushe tana kuka tana dariya. Ni kuwa na juya wurin likitar, na faɗa mata zancen kwalaben giyar.

"Likita, ai ƙwaya ɗaya ya sha, yadda kuka ce."

"Hanta ce ke sarrafa maganin nan, ta rage shi a hankali," in ji ta. "Giya ma wurinta take zuwa. In sun haɗu sai aiki ya yi mata yawa, maganin ya daɗe a jini. Ga shi kuma su biyun duk suna danne numfashi."

Shekara ashirin da shida ina yanka hanta ina ɗorawa a sikeli, ban taɓa sanin cewa wannan tsoka mai santsi tana tace jinin mutum dare da rana ba, ko ƙara ba ta yi.

"Ikon Allah," na ce.

Yaya ya so tafiya gida, likitar ta hana, don allurar takan sake shi kafin maganin ya gama fita. Kwana biyu ya yi. Da aka sallame shi, shi da kansa ya miƙa wa matarsa kwalbar ƙwayoyin, bai dubi kowa ba.

"Riƙe. Ke za ki riƙa ba ni."